RA'AYINMU: Yaron Da Ya Firgita Ba Ɗan Gidan Mari Ba Ne

A watan Oktoba na 2019 ne rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta gabatar wa 'yan jarida yara tara waɗanda aka sace daga unguwannin Kano, aka kawo su Anacha aka sayar. Waɗanda suke zaune a nan Kudu a lokacin ba za su manta da wancan makon ba, domin da wuya a sami wanda 'yan uwansa na gida ba su buga masa waya suna jero masa tambayoyi ba, sai ka ce a ɗakinsa aka ɓoye yaran. An canja wa yaran sunaye da addini, wasunsu ma Hausar ta kwanta musu, sai harshen Ibo. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa jagoran gungun ɗaurin shekara 104. Maganar ba ta tsaya nan ba, don a 2025 hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta fitar da wasu yara takwas daga wani gidan marayu a Asaba, bisa zargin cewa su ma daga Arewa aka sato su.

An yi ta tambayar wa aka kama, shekara nawa aka ba shi, wa ya saya. Duka tambayoyi ne na haƙƙi, mu ma mun yi su. To amma akwai wata tambaya da ba mu ji an yi ta sosai ba, wato yaya daren farko ya kasance wa yaron da aka mayar gida? A yi tunanin yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara uku, ya yi shekaru yana kiran wata mace uwa, yana cin abincinta, yana mafarki da harshenta. Rana ɗaya mutane masu bindiga suka zo suka ɗauke shi, aka yi masa hotuna, aka miƙa shi ga wata mace tana kuka tana rungume shi, ba ya jin abin da take faɗa. A wurinmu manya an ƙwato haƙƙi, kuma gaskiya ne an ƙwato. A wurin yaron kuwa, sau biyu ke nan ana raba shi da duk abin da ya sani.

Waɗancan yara tara ba a hannunmu suke ba, amma ire-irensu suna nan cike da gidajenmu, daga Diyobu da Oyigbo a Fatakwal, zuwa Titin Bida da bakin gada a Anacha, zuwa Asata da Gariki a Inugu. Akwai marayun da 'yan bindiga suka kashe iyayensu a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, aka ɗora su a motar shanu ko ta albasa aka aiko wa kawu ko baffa. Akwai waɗanda suka kwana a daji lokacin tashin hankalin Oyigbo na Oktoban 2020. Akwai 'yan makarantar da suka ji ƙarar harbi a shekarun da suka biyo bayan fara zaman gida na ranar Litinin a watan Agusta na 2021. Akwai kuma 'yan riƙo da 'yan aiki mata waɗanda abin da ya same su a cikin gida ya same su, ba a kan titi ba. Mu Hausawa ba mu cika kai yaro gidan marayu ba, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai tunda haka ne, gidajenmu su ne gidajen marayun, matanmu su ne ma'aikatan, ba tare da wani ya taɓa zaunar da su ya koya musu komai a kan yaron da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ba.

A bara wani ɗan ƙungiya, mai sayar da doya, ya same mu a ofis bayan La'asar. Ya ce, “Malam Sakatare, ɗan ƙanena da aka kawo mini ya gagare ni. Shekararsa takwas amma kullum sai ya jiƙa tabarma. Ana ba shi abinci ya ƙoshi, amma sai a tarar ya ɓoye gurasa a ƙarƙashin matashi har ta yi funfuna. In na ɗaga murya sai ya sandare yana kallona kamar gunki. Na yi duka har na gaji. Ka san wani malami mai mari a gida da za a kai masa shi?” Muka ce, “Alhaji, yaya aka yi mahaifinsa ya rasu?” Ya yi shiru, can ya ce a gaban yaron aka harbe shi, kuma yaron ya kwana biyu a cikin rumbu kafin a gano shi. Muka tambaye shi ko wani ya taɓa danganta fitsarin kwancen da rumbun. Ya ce wallahi shi dai bai taɓa kawo haka a ransa ba, tunda abin ya wuce shekara guda, kuma yaron bai taɓa tayar da maganar ba.

Ba mu kawo labarin nan don a zargi Alhaji ba. Mutum ne da ya ɗauki nauyin da wasu suka guje wa, yana ciyarwa yana tufatarwa a lokacin da mudun shinkafa ya fi ƙarfin magidanci. Abin da ya yi shi ne abin da aka yi mana, kuma shi muka iya. Kuskuren guda ɗaya ne, ya tambayi kansa me ke damun yaron nan da ba ya jin magana, alhali tambayar da ta kamata ita ce me ya sami yaron nan. Masu aikin kula da yara a ƙasashe da dama sun komo kan wannan tambaya ta biyu, har sun mai da ita tushen aikinsu.

Hausawa sun riga likitoci faɗa, wai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da likitoci suka ƙara shi ne bayanin yadda abin yake aukuwa. Idan mutum ya shiga haɗari, jikinsa yana fitar da wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa, in kuma duka biyun ba su yiwu ba sai ya sandare. Ga mai lafiya, da haɗarin ya wuce sai jiki ya koma daidai. Ga yaron da ya ga mummunan abu, musamman in babu babban da ya rarrashe shi a lokacin, jikin yakan ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Sai ya zama kamar maigadin da ya taɓa kwana da ɓarayi, ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ya busa usur. Ƙarar ƙofa, warin hayaƙi, takalmin soja, tsawar magidanci, kowanne yana iya mayar da shi cikin rumbu. Mu da muke zaune a nan muna da ƙari, domin akwai bindigar da maƙwabtanmu ke bugawa a wurin jana'iza, akwai kuma 'yan nakiyoyin wasa da yara ke fasawa tun daga farkon Disamba har sabuwar shekara. Yaron da ya shige ƙarƙashin gado saboda su ba iskanci yake yi ba. Wanda yake ɓoye gurasa kuma ba ɓarawo ba ne, ya taɓa kwana biyu bai ci ba, cikinsa bai manta ba.

Kada a ce ai yaro ne, zai manta. A 1998 wasu likitoci a Amurka suka fara buga sakamakon wani bincike da ya shafi manya sama da 17,000 a birnin San Diyego. An tambaye su abin da suka gani suna yara, kamar duka mai tsanani, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, ko zama da mashayi a gida. Aka tarar gwargwadon yawan abin da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon yadda haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa, har da ciwon zuciya, yake ƙaruwa a kansa bayan ya girma. Wannan ba ƙaddara ce da aka rubuta wa kowane yaro ba, da yawa suna warkewa sarai. Abin da aka fi ganin yana raba mai warkewa da wanda ba ya warkewa shi ne samun babban mutum ko da guda ɗaya wanda yaron ya tabbata ba zai cuce shi ba, ba kuma zai gudu ya bar shi ba. A ƙasar Romaniya, a farkon shekarun 2000, an bi diddigin ƙananan yara 136 na gidajen marayun birnin Bukares. An mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka zauna inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ci gaba ta wajen fahimta da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Wato riƙon da muka gada kaka da kakanni shi ne abin da masana suka dawo suna yabo, in dai an yi shi da tausayi.

To mene ne yinsa da tausayi? Ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci, wanda ya fi kuɗi wuyar samu. Abu na farko shi ne yaron ya san abin da zai faru gobe. Lokacin abinci ɗaya, wurin kwana ɗaya, mutum ɗaya da yake tashinsa da safe. Al'adarmu ta yau yana gidan gwaggo, wata mai zuwa yana gidan kawu, bayan Salla a mayar da shi ƙauye, tana yi wa lafiyayyen yaro daɗi, amma ga wanda aka taɓa fizgewa daga hannun uwarsa kowane sauyi sabon rauni ne. In tafiya za ka yi, gaya masa ranar da za ka dawo, kuma ka dawo a ranar, ko ka bugo waya a ba shi. In Disamba ta ƙarato, a zaunar da shi tun kafin a fara fashe-fashe a ce masa za ka ji ƙara, wasan yara ne, ga ma irin abin da suke fasawa. Mai ɓoye abinci a ba shi ɗan kwanonsa mai murfi, a ce wannan naka ne, babu mai taɓawa. Sau da yawa da kansa zai daina. Mai fitsarin kwance a fara kai shi asibiti a duba ko akwai ciwo a jiki, in babu, a shimfiɗa leda, a rage masa ruwa da dare, a tashe shi sau ɗaya, a wanke a yi shiru. Waƙar tsokana da yara ke yi wa mai fitsarin kwance, wadda wasu iyaye da kansu suke sa a yi, ba ta taɓa busar da tabarmar kowa ba.

Akwai wata ɗabi'a tamu da muke roƙon a bari. Da baƙo ya shigo sai a kira yaro a ce zo ka gaishe da Baba, wannan shi ne wanda aka yanka ubansa a gabansa, kai gaya masa yadda aka yi. Ana yi ne don neman tausayi, wani lokaci don neman taimako, amma kowane maimaici mayar da yaron wurin ake yi. Jagorar taimakon gaggawa ga waɗanda suka firgita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta yi gargaɗi a kan matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. In yaron ya kawo maganar da kansa, ko da a tsakiyar wanke-wanke ne, a ajiye kwanon a saurare shi. Kada a ce masa ƙarya yake yi, kada a ce ya yi shiru maza ba sa kuka, kuma a gaya masa a fili cewa ba laifinsa ba ne, domin yara da yawa suna ɗauka da sun yi ihu, ko da ba su ɓuya ba, da abin bai faru ba. In kuwa bai kawo ba, a ƙyale shi. Wani a wasan ƙasa zai fitar da abin, wani a zane.

Maganar harshe ta fi taɓa mu. Da yawa daga cikinmu, har da mai rubuta wannan shafi, da gemunmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma mun san yadda gumi yake karyo wa babban mutum in an ce ya tashi ya karanta layi ɗaya aka yi masa dariya. Wasu daga ranar ba su sake dawowa aji ba. To ina ga yaron da aka dawo da shi bakinsa ya juye, sa'o'insa suna kiransa da sunan ƙabilar da ya zauna a cikinta, manya suna cewa a yi maza a wanke masa kai? Hausa za ta dawo, salla za ta dawo, amma ta hanyar zama da wasa da ganin ana yi, ba ta hanyar dorina ba. In ya yi kewar matar da ta riƙe shi, kada a ɗauka cin amana ne, yaro ba ya zaɓar wanda zai shaƙu da shi. A nan mu mazauna Kudu muna da abin bayarwa wanda 'yan uwanmu na gida ba su da shi, domin matanmu da 'ya'yanmu da yawa suna jin Ibo kamar 'yan gari. Duk lokacin da aka gano wani yaro a wannan yanki, kamata ya yi Sarkin Hausawan garin ya tura mace mai jin harsunan biyu ta zauna da shi tun daga ofishin 'yan sanda, kafin a sa shi a mota.

Bari mu faɗi wata gaskiya a nan, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Satar yara ba sana'ar ƙabila ba ce. Gidajen da ake tara 'yan mata su haihu a sayar da jariran, waɗanda hukuma ta sha bankaɗowa a wannan yanki, akasari 'ya'yan maƙwabtanmu ne a ciki. Kuma makonni kaɗan kafin hayaniyar yaran Kano, a gida Arewa aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, aka fito da mutane sama da 300, da yara a cikinsu, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura. Waɗannan ba sato su aka yi ba, iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, don an ce sun kangare. Wa ya san nawa ne a cikinsu kangararsu ta faro daga wani rumbu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma wanda ya riga ya tsage in ka tanƙwara karyewa zai yi. Ba muna cewa a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. A kafa masa doka, a tsaya a kanta, in ya karya a hana shi wani abin da yake so ko a sa shi ya gyara ɓarnar da ya yi, amma bayan ya huce kai ma ka huce. Yaron da ya sandare ba ya jin wa'azi.

Duk wannan ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, kuma a rubuce yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ɗora wa gwamnati a sashe na 39 nauyin taimaka wa yaron da aka zalunta ko rikici ya rutsa da shi ya warke a jiki da zuciya. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, ya kuma ce in za a sama wa yaro wurin zama a duba addininsa da harshensa da al'adarsa. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta buɗe da cewa maslahar yaro ita ce gaba da komai, kuma jihohin Anambara da Ribas da Inugu duk sun yi tasu dokar a kan haka. Ma'ana, idan aka tsinci ɗanmu aka kai shi ofishin walwalar jama'a ko gidan marayu a ɗaya daga cikin jihohin nan, muna da ikon zuwa mu nemi a sanar da danginsa, a bar masa sunansa, a sama masa mai jin harshensa. Sai dai haƙƙi ba ya tafiya sai da takarda. Wanda ya ɗauko yaro daga ƙauye babu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, babu wasiƙar dagaci ko mai unguwa, babu ko hoto, in aka tare shi a hanya da me zai nuna shi ba mai fataucin yara ba ne? In kuma yaron ya ɓace a Babbar Kasuwar Anacha, da me za a neme shi?

Akwai inda haƙurin gida ba ya isa. Yaron da aka yi watanni firgitarsa tana ƙaruwa, ko ya daina magana, ko ya ƙi abinci, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana zancen mutuwa, a kai shi ga likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Inugu, akwai na Rumuigbo a Fatakwal, akwai na Nawfia a Anambara, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hanawa, amma duk wanda ya ce sai ya daki yaro kafin aljani ya fita, a nuna masa ƙofa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe kuwa a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, sa'annan a yi maganar hukuma. Rufa-rufar da ake yi don kare sunan gida, yarinyar ce take biyan kuɗinta.

Su ma masu riƙon a duba su. Yaran da suka tsallaka gadar Neja zuwa Asaba da ƙafa, ko suka kwana a barikin soja a watan Fabrairu na 2006, lokacin da rikicin da ya faro a Maiduguri ya dawo kanmu a Anacha, yau su ne iyaye a gidajenmu. Babu wanda ya tambaye su komai a lokacin, an dai gode Allah da suka tsira, aka koma kasuwa. Wani magidancin da muke cewa yana da zafin hannu, wataƙila shi ma nasa maigadin bai daina busa usur ba. Matar da aka ƙara wa marayu uku a kan nata biyar a ɗaki ɗaya, in ba a karɓe ta ko na yini guda a mako ba, kada a yi mamaki in ta huce a kansu.

Alhaji mai doya bai kai yaron gidan mari ba. Uwargidansa ce ta karɓi lamarin, ta mayar da shimfiɗarsa kusa da ƙofarta, ta bar masa fitila. Har yanzu yakan jiƙa tabarma wani lokaci, amma an daina samun gurasa a ƙarƙashin matashi, kuma mun ji ya fara zuwa rumfa yana taya ƙirga doya.

Kwamitin ƙungiya ya amince a buɗe littafi a kowane reshe, na Fatakwal da Anacha da Inugu, inda za a rubuta duk yaron da ake riƙo, da sunan garinsu, da wanda ya kawo shi, da lambar wayar danginsa na gida. Littafin zai zauna a hannun sakataren reshe, ba na nuna wa kowa ba ne, kuma ba za a rubuta abin da ya sami yaron a ciki ba. Kowane reshe zai zaɓi dattawan mata biyu, aƙalla ɗaya mai jin Ibo ko Turancin buroka, waɗanda za su riƙa zagaya gidajen da kuma raka iyaye ofishin walwala in buƙata ta taso. A zo taron wata mai zuwa da hoton yaro guda biyu da duk takardar da ake da ita. Wanda ba ya rubutu kada ya ji nauyi, ɗaliban ajinmu na dare za su zauna a bakin ƙofa su cike masa.